Ba duk kanwar ja ba ce, Malam Edita

Assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Talata, har yau kuma bai huce ba. Baƙonku ya ce madarar almon, wato ƙwayar wani itace mai kama da gyaɗa, tana cin ruwa da yawa wurin samar da ita, don haka wai da madarar tsirrai da ta shanu duk kanwar ja ce. Mai gabatarwa ya yi dariya, ya wuce tambaya ta gaba. Shi ke nan? Ko "ina hujjarka" bai ce masa ba.

Ba a rufe shirin ba yayana ya kira ni. "To kin dai ji da kunnenki, wahalar banza kike yi." Shekara uku ina fama da mutanen gidanmu a kan maganar nan, kun rushe mini ita cikin minti biyu.

Ni ba don muhalli na fara ba. Cikina ne ba ya karɓar madarar shanu, in na sha sai kumburi da murɗa. Na koma ta waken suya, kuma da hannuna nake yi. In jiƙa kofi ɗaya da dare, da safe in murje ɓawon, in markaɗa, in tace da ƙyalle mai tsabta. Wurin dafawa ne aikin yake, dole ki tsaya a kanta da ludayi, kina kau da ido kumfar za ta taso ta malale a kan murhu. Sai gafin waken ya fita sarai nake saukewa. Daga baya ne na karanta abin da ya sa na riƙe ta da hannu biyu.

A 2018 Joseph Poore na Jami'ar Oxford da Thomas Nemecek sun fitar da bincike a mujallar Science, daga bayanan gonaki sama da 38,000 a ƙasashe 119. A matsakaicin lissafin duniya, lita ɗaya ta madarar shanu tana cin ruwa lita 628. Ta almon ɗin da baƙonku ya kafa hujja da ita, lita 371. Ta waken suya kuwa, lita 28 kacal. Ina 28, ina 628? Gaskiya ne almon na shan ruwa, kuma akasarinsa a jihar Kalifoniya ta Amurka ake nomawa inda fari ke addabarsu, amma ko shi bai kamo ƙafar saniya ba. A zaɓi mafi ƙishirwa a cikinsu a yanke wa sauran hukunci da shi, wannan ba adalci ba ne.

Maganar iskar da ke ɗumama duniya ma ko taɓa ta ba ku yi ba. Saniya tana tuƙa tana gyatsar iskar metan, wadda a cikin shekara 20 ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi kusan sau 80. Litar madararta na fitar da kimanin kilo 3 na iskar da ke ɗumama duniya, in an auna ta da ma'aunin hayaƙin kabon, ta waken suya ba ta cika kilo 1 ba. Filin da madarar shanu take ci kuwa ya ninka na waken suya fiye da sau goma.

Da baƙon ya kawo zancen sare dajin Amazon na Kudancin Amurka don noman waken suya, nan ma aka bar shi ya sha. Kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyar duniya dabbobi ake ciyarwa da shi, ba irina masu tacewa a ƙyalle ke cinye dajin ba.

Ba gaba nake da masu kiwo ba, kuma ban ce a ba jariri madarar wake a madadin nonon uwa ba. Ku dawo da baƙon nan, ku haɗa shi da wanda ya san alƙaluman, ku gyara abin da kuka faɗa a gaban waɗanda suka ji shi.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau bakwai na kira a daren, ana ɗauka yana katsewa, saƙon da na tura kuma ba a karanta ba. Wannan ne karo na uku.

Taku mai sauraro a kullum.