Saƙon ƙungiya ga 'yan Kura mazauna ƙetare: batun filin wasa da gasar kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, na Makka da Madina da Jidda, na Kumasi da Akara, na Yamai da Agadas, na Kamaru da Chadi, har da na Ingila da Amurka, muna gaishe ku gaisuwa irin ta gida. Ya aiki, ya iyali, ya kewar gida? Dattawan gari sun ce a gaishe ku da kyau. 'Yan uwanmu na Sudan, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba da muhallinsu, kuna cikin addu'armu kullum, kuma tun daga farko muna shaida muku cewa abin da za a nema a wannan saƙo bai hau kanku ba.

Gari yana nan lafiya, alhamdu lillahi. Ruwan Tiga bai fasa zuwa ba. Tun da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasarmu ta bar sahun garuruwan da matasa ke rufe ɗaki su tafi ci-rani da zarar an kai amfani rumbu. Mu a wajenmu ana ɗauke shinkafar damina sai a shiga gyaran gona don alkama da tumatir da albasa da masara, har ma mutanen wasu garuruwa ne ke zuwa mana ƙwadago. Sai dai noman yanzu ba irin wanda kuka bari ba ne. Taki ya yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda gonarsa ba ta kusa da hanyar ruwa, sai ya tayar da inji, yana ji a jikinsa. Ciyawar kacalla kuma tana toshe magudanu, sai an haɗu an yi gayya an sare ta kafin ruwa ya isa gonakin ƙarshe.

Shinkafa ita ce ta riƙe garin. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, 'yar Hausa ta yi daraja, injinan casa suka ƙaru, iyayenmu mata masu turara shanshera suka samu abin hannu. Duk wanda ya shiga lungunan gari da hantsi zai ga shinkafa a baje a kan leda tana shan rana, yara na korar kaji. Daga baya da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashi ya sauko. Mai saye ya ji daɗi, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya kwana da lissafi. Tumatir kuwa halinsa bai canja ba: idan ya yi yawa a tsakiyar rani, kwando a kasuwar Kwanar Gafan ba ya mayar da kuɗin tsinka da na mota, sai a yanka a shanya. Waɗanda suka ga ɓarnar da tsutsar sharon ta yi a 2016 har yau ba sa zuba duk jarinsu a kansa.

Marina kuma ta ja baya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Turkudi da rawani ɗan Kura, waɗanda suka kai sunan garinmu har cikin Sahara, waɗanda Buzaye ke naɗawa ranar biki, yanzu gidajen da ke rininsu da bugunsu sun ragu ƙwarai, kuma yawancin masu yi sun manyanta. Na Agadas sun fi kowa sanin darajar kayan, domin suna ganin yadda ake riritarsu a can.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne maganar filin wasa. Kwamiti ya zauna a kanta da dattawa da wakilan matasa, kuma muna so ku ji ta daga bakinmu kafin ta iso muku a karkace.

Ba mu raina abin da kuke aikowa ba, Allah ya sani. Da kuɗinku aka yi rufin gidaje, aka aurar da ƙanne, aka biya kuɗin asibiti da na makaranta, aka kai iyaye Makka. Amma kusan duka yana shiga ne gida-gida. Abin da yake na kowa da kowa, wanda babu mai cewa nawa ne, shi ne ya zama maraya. Filin ƙwallo yana cikin irin waɗannan.

Da za ku tsaya a bakinsa bayan la'asar, da kun ga abin da muke nufi. Samari na tahowa daga gona da taɓo a ƙafa, wasu daga injin casa da ƙaiƙayi a ka, su wanke fuska su shiga fili. Raga babu, sanduna biyu ne aka kafa aka ɗaura igiya a sama, kuma rabin gardamar wasa a kan ko ƙwallo ta bi ta ƙarƙashin igiyar ne ko ta samanta. Mai takalmi ɗaya, marasa takalmi biyar. Ana cikin wasa ɗan acaɓa zai ratsa ta tsakiya don ya rage hanya, a tsaya a jira shi ya wuce. A gefe kuwa ga mai rake da wuƙarsa, ga yarinya da bokitin awara da yaji a ƙulle, ga mai ƙanƙara, ga mai shayi yana hura wuta don ya san da an tashi wajensa za a yo. Ko da wasan gwaji ne tsakanin unguwa da unguwa, waɗannan mutane ba sa komawa gida da kaya. Ran da aka yi wasa da wani gari kuwa, har mai tsire da mai gurasa sai sun ƙaro.

To wannan fili yana ƙanƙancewa. Gari na faɗaɗa, fuloti ya yi kuɗi, kuma filin da ba shi da takarda kowa na iya wayar gari ya ce gonar kakansa ce. Wuraren da da yawa daga cikinku kuka yi langa da ƙwallon tsumma kuna yara, yau gidaje ne da shaguna. Idan wannan ma ya tafi, yaran ba gida za su koma su zauna ba. Za su tafi gidan kallo su biya kuɗi su kalli Arsenal da Real Madrid, su fito suna musu a kan 'yan wasan da ba su san da zamansu ba. Wasu kuma za su tafi inda ya fi haka muni. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma duk uban da ke garin nan ya san shaye-shaye bai ƙare ba, salo ya sake. Ba mu ce ƙwallo magani ce ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne yaron da ke da wasa gobe yakan kwanta da wuri.

Saboda haka aikin farko shi ne takarda. Za a bi ta hannun masu unguwanni da dagaci da hakimi har ƙaramar hukuma, a auna filin, a rubuta shi da sunan al'umma. Wannan ba ya ɗaukar ido, babu hoton da za a tura muku ku yi murna, amma shi ne gindin komai. Bayan haka ba katanga za mu yi ba, don kuɗinta ya fi ƙarfinmu kuma tana hana mai talla shiga. Darbejiya za a dasa a kewaye, kowace ƙungiyar ƙwallo ta ɗauki gefe guda tana ban ruwa. Sai turakun ƙarfe da raga, da 'yan bencina don dattawa.

Sannan gasa. Muna son mazaɓu goma na ƙaramar hukuma su fito: Dalili, Ɗan Hassan, Dukawa, Gundutse, Karfi, Kosawa, Kurunsumau, Rigar Duka, Sarkin Kura da Tanawa. An ja maganar lokaci sosai. Wasunku sun nemi a yi da Sallah, lokacin da suke zuwa gida, kuma mun fahimci dalilinsu. Amma Sallah tana yawo cikin shekara, takan faɗo tsakiyar shuka ko dashe, ga hidimar ɗinki da ta layya ta riga ta cinye aljihu, ga hawa da ziyarce-ziyarce sun cika ranakun. Kaka kuwa tun kakanni ita ce lokacin wasa, lokacin da ake kokawa a dandali da farin wata, saboda ciki ya ƙoshi kuma akwai ɗan abin kashewa. Mun tsayar da bayan yankan shinkafar damina. Ku yi haƙuri, Alhazai da Hajiyoyi, gasar ta mutanen da ke zaune a gari ce kafin ta zama taku. Wanda bai samu zuwa ba za a ɗauko masa a waya.

Ba ƙwallo kaɗai za a yi ba. Za a sa kokawa, kuma na Nijar ne suka fi matsa mana a kanta, don sun ga yadda ƙasa guda ke tsayawa cak idan ana kokawar takobi, wadda suke yi tun 1975. Za a sa langa ga 'yan firamare, domin akwai yara a garin nan da ba su san wane ne ruwa a wasan ba balle su kare shi. Dattawa sun ce kada a manta da su, za a haƙa musu gurbin dara a inuwa. 'Yan mata za su yi gaɗa da carafke a farfajiyar makaranta, a hannun malamansu mata da iyaye. Dambe ne ba mu sa ba. Akwai masu sonsa a cikinmu, kuma ba mu ce ba gadonmu ba ne, amma ba mu da likita a bakin fili, ba za mu ɗauki alhakin haƙorin ɗan wani ko idonsa ba. Malamai sun gindaya sharaɗi, mun karɓa hannu biyu: babu caca, babu kiɗa bayan an kira salla, kuma a tashi kafin magariba.

Ga inda muke roƙon ku saurare mu da kyau. Mun yanke cewa duk abin da za a iya samu a gari, a gari za a saye shi. Turakun raga mai waldan gari ne zai ƙera. Bencina kafintan gari. Abincin baƙi matan gari ne za su dafa, da shinkafar da aka casa a nan. Riguna telolinmu ne za su ɗinka. Mun san wasunku sun riga sun yi niyyar cika jaka da rigunan ƙwallo daga Jidda ko Landan, Allah ya saka da alheri. Mun kuma san ɗinkin gida ba zai yi sheƙin na kanti ba. Amma rigar da ta zo a jaka yaro ɗaya ta amfana. Wadda aka ɗinka a nan kuwa ta bi ta hannun mai yadi, da tela, da yaron shagonsa, da mai buga lamba a baya, kafin ta kai ga mai sawa. Ku aiko da kuɗin, ku bar mu mu ba su aikin. Abin da ba a yi a nan, wato takalman ƙwallo da ƙwallayen kansu da usur da safar hannun gola, wannan kam duk mai hali ya turo, ko na hannu ne in dai da sauran ƙarfi.

Kyauta ma haka. Ba za mu miƙa wa yara ambulan su raba a wajen mai shayi a dare ɗaya ba. Ƙungiyar da ta ci za ta samu kofi, da abin sana'a da 'ya'yanta za su yi tarayya a kai, kamar injin ban ruwa ko keken ɗinki, gwargwadon abin da aka tara. Manyan baƙi kuma ba za a ba su allon gilashi da aka rubuta suna a kai ba, rawani ɗan Kura za a naɗa musu, wanda aka rina aka buga a garin nan. Idan gasa ɗaya ta sa marina ta samu aikin wata guda, mun ci riba ko ba a zura ƙwallo ko ɗaya ba.

Wani dattijo daga cikinku ya tambaya, cikin girmamawa, ko bai fi kyau a kai kuɗin asibiti ko a haƙa rijiyar burtsatse ba. Baba, tambayarka tana kan hanya. Amsarmu ita ce ba za a taɓa ko kwabo daga asusun marasa lafiya da marayu ba, wannan asusu dabam ne, kuma wanda ya ga zuciyarsa ta fi kwanciya da wancan, ya ci gaba da zubawa a can, babu mai ganin laifinsa. Muna dai tuna muku cewa Ahmed Musa, wanda ya yi wa Kano Pillars wasa kafin ya tafi Turai ya kuma riƙe kambin ƙungiyar ƙasa, a irin wannan fili mai ƙura ya fara. Ba mu yi wa kowa alkawarin fitar da irinsa ba. Ko gasar Kofin Ramat da ake yi wa matasa a Kano yaranmu suka samu shiga da shiri mai kyau, ya ishe mu farin ciki.

Maganar amana kuma, mun san abin da ke sa mutum ya riƙe hannunsa. Da yawa sun taɓa aika kuɗin gini suka dawo suka tarar da fili. Don haka kuɗin ba zai shiga asusun mutum ɗaya ba. Mutum uku ne za su sa hannu kafin a fitar da komai: ɗaya daga dattawan gida, ɗaya daga matasa, ɗaya daga cikinku wanda ku za ku zaɓa. Duk abin da aka saya za a ɗauki hoton rasit a tura wa wakilan ƙasashe, kuma bayan gasa za a karanta lissafi a bainar jama'a. Ba mu yanka wa kowa adadi ba. Mun san riyal da dala da fam suna yin auki idan aka canja su, amma mun kuma san akwai mai wankin mota da mai gadi da ɗalibi a cikinku, da wanda takardunsa ba su daidaita ba tukuna. Kowa ya yi daidai ƙarfinsa, wanda bai samu ba ya sa mu a addu'a.

Muna roƙon kowace ƙasa ta zauna ta fitar da wakilinta, sannan wakilan su haɗu su ba mu sunan mutum ɗaya da zai sa hannu a asusun, kafin shinkafa ta fara nuna, don aikin takarda ya riga gasa. Masu takalma da ƙwallaye su haɗa su wuri guda a ba mai tahowa, ya fi sauƙi a kan kowa ya aiko nasa. Wanda kuma yake da sha'awar sa jari a injin casa, ko shanyar tumatir, ko ya ɗauki nauyin yaro ya koyi rini da bugu a wajen dattawan da suka rage, ya faɗa wa wakilinsa, za mu haɗa shi da masu sana'ar kai tsaye su yi magana.

A gaida iyali da yara. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.