Wasiƙa zuwa Kumasi: ranar da muka je Tiga

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Kano lafiya lau sai sanyi da ƙura, ka san halin hunturunmu.

Hotunan nan da ka turo min ta WhatsApp na tafkin Bosomtwe su ne sanadin wannan wasiƙar. Yara sun ƙwace wayar suna ta kallo, musamman masuntan nan da ke zaune a kan falankin katako a tsakiyar ruwa, sai autata ta ɗago kai ta ce Baba mu ba mu da irin wannan ruwan ne? Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Yarinya an haife ta a Kano, ta kai aji huɗu, amma ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwa ba, alhali ga dam ɗin Tiga nan kilomita kamar 70 daga gari. Asabar ɗin da ta wuce na ce kowa ya shirya, uwargida ta yi dambu da zoɓo, muka ɗau tabarma biyu muka kama hanyar Zariya.

Tun daga Kura na fara nuna musu aikin ruwan tun kafin su ga ruwan. Alkama ta yi kore shar a Kadawa, ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi wajen Kwanar Gafan, a tsakiyar rani fa, babu ɗigon ruwan sama, na ce musu duk wannan daga inda za mu je yake fitowa ta kanal. Babban yarona bai yarda ba sai da muka isa.

Kai mutumina, ka tuna lokacin da makaranta ta kai mu muna yara? To girmansa bai ragu a idona ba. Ka tsaya a baki ka hanga, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, ruwa kawai har inda ido ya tsaya, ga duwatsu sun leƙo daga ciki, balbela na bin shanun Fulani da suka sauko sha. Yaran da suka cika mota da surutu sai suka yi tsit. A nan na ba su labarin marigayi Audu Bako, gwamnan da aka tare kogin Kano a zamaninsa aka gama dam ɗin a 1974, shi ne dai ya yi na Bagauda da muka wuce, inda otal ɗin da muke sha'awa a da ya koma makarantar horon lauyoyi. Na ce musu ruwan nan in ya fita sai ya haɗu da Chalawa ya zama kogin Haɗejia, har Nguru ana cin albarkarsa.

Mun shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya muka ci abinci, muka yi azahar a nan da wasu masunta da ke gyaran komarsu, mutanen kirki, ɗaya ya sayar mana da karfasa da tarwaɗa fitowarsu daga ruwa kenan, araha kamar kyauta in ka gwada da farashin cikin gari. Ya ce a zo ya zaga da yara a kwalekwale. Na ƙi. Sun yi fushi har auta ta yi kuka, amma babu rigar kariya ko ɗaya a jirgin, ni kuma har yau ban manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai ba a 2021, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Wanka ma ban bari ba saboda tsargiya, ka san kwantaccen ruwa irin wannan da ita, sai dai suka yi ta tsintar duwatsu suna jifa a ruwa har hannu ya gaji.

Abin da ke damuna shi ne duk yinin nan iyalai biyu kaɗai muka gani ban da mu. Ranar hutu ce fa. Mutanenmu da sallah sai a cika gidan zoo maƙil ana ture juna, ko a tafi manyan shaguna ɗaukar hoto, wuri kamar wannan kuwa shiru. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, mai mata da yara yana son rumfar da zai zauna, da banɗaki mai tsafta, da wurin alwala, da jirgin da zai hau hankali kwance. Ba wani abu ne mai tsada ba in aka yi niyya. Ledojin da muka tarar a gindin bishiyar ma mu muka kwashe kafin mu zauna, wannan kuwa aikin masu zuwa ne ba na kowa ba.

La'asar sakaliya muka taso don kada dare ya same mu a hanya, duk suka yi barci tun kafin Kura, mota sai ƙarnin kifi.

In Allah ya kawo ka bikin ƙanwarka ka ware mana kwana ɗaya, ka zo da yaranka, ni zan nemo rigunan ruwan tun yanzu ko guda shida ne. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata goron ya iso, mun gode Allah ya saka da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Kano