Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Adana Tarihin Unguwar Dala da Maƙwabtanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, masu unguwanni da sauran 'yan'uwa mambobi, a madadin kwamitin gudanarwa ina gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta aiwatar a shekarar da ta gabata, tare da abin da muka ƙudura amma Allah bai nufa ba, domin ku duba ku yi mana gyara.

Za ku tuna cewa a babban taron bara an yanke shawarar fifita ɗaukar muryoyin dattawa a kan kowane aiki, kuma a kan haka mafi yawan lokacinmu ya tafi. Matasanmu sun riƙa zama da tsofaffi a zaurukansu bayan sallar la'asar, suna naɗar hira da wayar hannu bayan an nemi izini, yayin da mambobinmu mata suka shiga cikin gidaje wajen iyayenmu da ba sa fitowa. Daga Dala aka fara, aka zarce Madabo, Adakawa, Bakin Ruwa da Madigawa. Daga bakin jikokin fatake mun ji yadda ayarin goro yake tashi daga Kano zuwa Gwanja ƙarƙashin jagorancin madugu, da jakunan da ake laftawa da kanwa da baƙin rini da fatu, da watannin da ake kwashewa kafin a isa Salaga a dawo, sannan da yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karkatar da gidajen fatauci da dama zuwa cinikin gyaɗa. Wajen mata kuwa muka sami abin da ba mu zata ba. Su ne suka riƙe sunayen tsofaffin rijiyoyi da lunguna, su ne suka san gidan da ya fito daga wane gida da auren da ya haɗa zuriya da zuriya, kuma su ne suka rera mana waƙoƙin niƙa da na daɓe waɗanda yaranmu ba su taɓa ji ba. A ganin kwamiti, wannan ɓangare na mata shi ne mafi daraja cikin duk abin da muka tara bana.

Wajibi ne in faɗi inda muka yi sakaci. Akwai wata dattijuwa da muka yi zama ɗaya da ita, ta fara ba mu labarin kaɗi da yadda ake kai zare Kasuwar Kurmi, muka yi alkawarin komawa bayan azumi, muka yi ta jinkiri har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa Aljanna ce makomarta. Laifin namu ne, kuma saboda shi ne kwamiti ya tsayar da cewa duk hirar da aka fara sai an kammala ta kafin a buɗe wata.

A wasu gidajen an fito mana da tsofaffin takardu daga gafaka da adaka, akwai wasiƙun fatake da ajami, da lissafin bashi, da littattafan fiƙihu da aka kwafa da hannu, wasunsu gara ta riga ta ci gefensu. Ƙa'idarmu ita ce mu ɗauki hoto a gaban mai takarda mu mayar masa da kayansa nan take, kuma duk abin da ya shafi gado ko iyakar gida ba ma yaɗa shi. Wannan sharaɗi ne ya sa gidajen da suka ƙi mu da farko suka aiko a kira mu. Har yanzu dai muna da ƙarancin masu iya karanta tsohon rubutun hannu, don haka muna roƙon malamanmu na zaure su taimaka.

Aiki na biyu shi ne kai ɗaliban firamare da na islamiyya kan Dutsen Dala. Abin takaici ne a ce yaron da aka haifa a gindin dutsen bai san cewa nan ne tushen birnin Kano ba, alhali masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, abin da ya dace da labarin da muka gada na maƙeran da suka zo daga Gaya suna neman tama. Daga saman dutsen an nuna wa yaran Goron Dutse, da wajen Kurmi da Gidan Rumfa, aka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda tarihin sarakunan Kano ya sa farkon mulkinsa a 999. A kan wannan an sami saɓani a tsakaninmu, domin wasu mambobi sun ga bai kamata a riƙa ambaton bautar da aka yi kafin Musulunci a gaban ƙananan yara ba. Bayan shawara da malamai aka daidaita cewa za a faɗi labarin yadda yake, a kuma ɗora da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, da yadda Madabo ta zama matattarar ilimi, da zuwan Shehu Magili, wanda zuriyarsa take unguwar Sharifai, a zamanin Muhammadu Rumfa. Ni dai a nawa ganin, yaron da ya san daga inda aka fito ya fi gane girman ni'imar da aka samu. An kuma gaya musu cewa Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Barth, a unguwar Dala ya sauka lokacin da ya zo Kano a 1851. Kafin kowace ziyara matasanmu sun yi gayyar share matakala da kwashe shara, sai dai zaizayar da ruwan sama yake yi wa gefen dutsen ta fi ƙarfin tsintsiya da kwando.

Inda muka gaza ƙwarai shi ne gine-gine. Mun yi niyyar yin yaɓe ga wani tsohon zaure mai ɗaurin guga kafin saukar damina, amma kuɗi ba su taru a kan lokaci ba, kuma da ruwa ya yi ƙarfi a watan Agusta sai kusurwarsa ta zube, magada suka rushe sauran suka sa bulo. Ba mu zarge su ba, domin ginin ƙasa yana buƙatar kulawa duk shekara, azara ta yi tsada, kuma maginan da suka iya haɗa makuba da katsi sun kusa ƙarewa. Abin da muka samu shi ne hoton zauren ciki da waje, da zanensa da zankwayensa, kafin ya faɗi. Haka lamarin ganuwa yake, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa a mulkinsa na 1095 zuwa 1134, Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Duk wanda ya bi tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa ya san abin da ɗibar ƙasa da gine-gine suka yi mata, kodayake tun 2007 sunanta, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da fadar Sarki, yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, domin neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Cike kududdufai da ake yi ana gini a kansu ya ƙara dagula al'amarin, saboda ruwan da a da yake taruwa a cikinsu yanzu gindin katangun gidaje yake bi.

Game da kuɗi, ma'aji zai karanto cikakken lissafi bayan wannan rahoto. Abin da zan ambata kawai shi ne cewa duk abin da aka kashe daga kuɗin wata-wata da gudummawar mambobi ya fito, kuma da yawanmu ana bin mu bashin watanni, har da wasu 'yan kwamiti.

Kwamiti yana neman amincewarku a kan a ci gaba da hirarraki, a fara da waɗanda suka fi tsufa da marasa lafiya, a kuma rubuta waɗanda aka naɗa da boko da ajami, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, tare da tuntuɓar gidan tarihi na Gidan Makama a kan yadda ake adana irin waɗannan abubuwa. Muna kuma so a haɗa matasa masu sha'awa da wani dattijon magini da ya amince zai koyar da su murza tubali da yaɓe a lokacin rani. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da ya kamata a zauna da su, ya sanar da sakatare kafin a tashi daga taro, domin a sa su a jerin farko.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa