Wasiƙa zuwa ga Nasiru a Legas

Nasiru, assalamu alaikum. Ya iyali, ya ruwan Legas? Shirunka ya yi yawa, sai a bakin Bala na ji wai maigidanka ya ba ka kwalin tabar nan mai kauri, naɗin hannu irin na Kuba, kuma da ita za ka taho gida ƙarshen shekara. Kai da hayaƙin tsire ma ke sa ka tari!

Hunturunmu nake jiye maka. Wannan taba tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, a Sakkwato kuwa watan Janairu danshin iska kan faɗi ƙasa da 20. Ka bar ta a buɗe, ganyen waje zai tsattsage, ta riƙa ci da sauri tana ɗaci. Akwatin katakon da ake yi mata yakan saki danshi a irin wannan bushewa. Ka nemi robar abinci mai murfi mai kama iska, ka saka fakitin Boveda mai lamba 69 (ɗan ƙunshi ne mai daidaita danshi, lambar ita ce kashin danshin da yake riƙewa), da ɗan na'urar auna danshi. Kada ka ajiye ta a firji, busar da ita zai yi, ta kuma kwashi warin albasa. In ta riga ta bushe, a hankali ake dawo da ita, makonni: lamba 62 tukuna, sannan 65, sannan 69. Ka yi gaggawa, cikin ya kumbura ya fasa ganyen waje.

Af, Sani ya tare a gidansa na Mabera, yana ta cigiyarka.

Bazara kuma matsalarta daban. Taba ta fi son digiri 18 zuwa 21, mu kuwa Afrilu muna wuce 40. Zafi ke ƙyanƙyashe ƙwan ƙwaron taba, sai ka ga ƙananan huji kamar sukar allura da gari a gindin roba. Don kashe ƙwan, ka ɗaure ta a leda biyu, kwana 3 a firiza, kwana 1 a firji, sannan ta koma robarta. Sai inda wuta ba ta yankewa, ka ji. Robar ta zauna cikin kula (cooler), a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi.

In za ka saya da kanka, fara da mai hasken ganye irin Connecticut, ta fi sauƙi. Cohiba, shahararriyar tabar Kuba, in ka gan ta a kwali mai murfin gilashi jabu ce. Milimita 2 kawai ake yankewa a kai, a kunna da ashana ko laita mai gas, ba a zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji. Duk da haka tana jawo kansar baki da ta maƙogwaro, kuma ni da za ka ji tawa, ka ba wani kyauta tun ba ta kama ka ba. Hajiya dai kada ta ji ƙamshinta a rigarka.

Ka taho mini da takalmin da ka yi alkawari tun Sallah. Gai da Maman Khalifa.

Naka,
Umaru