Don Allah a bar mana madannan mota

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan motocin nan na zamani da aka kwashe komai aka zuba cikin sikirin, esi a sikirin, rediyo a sikirin, wata ma saurin waifa sai ka shiga ciki ka lalubo.

Duk wanda yake tuƙi a Kano ya san idon nan biyu ma ba sa isa. Ka taso daga Kurna za ka Bata, ɗan adaidaita zai yanko maka ba tirafiketa, mai kura na turo kaya, yaro na tsallakawa, ga rami a gabanka, to wai a haka ne zan ɗauke ido ina neman inda ake rage sanyi? A tsohuwar Corolla ko Golf hannu ne yake gani, ka miƙa ka murɗa, ka ji ya yi ƙas ƙas ka san ya hau, idonka na kan titi. Shi kuwa sikirin sumul yake, sai ka kalla ka taɓa, ka sake kallo ko ya karɓa, in rana ta dalle shi ma ba ka ganin komai, da hunturu kuma ƙura ta bi ta rufe shi.

Kuma fa su masu ƙera motocin sun gano. A 2022 wata mujallar motoci ta Suwidin, Vi Bilägare, ta yi gwaji ana gudun kilomita 110 a awa, direban Volvo V70 ta 2005 mai madannai ya gama abin da aka sa shi cikin daƙiƙa 10, na MG Marvel R mai sikirin sai da ya haura daƙiƙa 44, wato ya ci sama da kilomita guda hankalinsa a rabe. Hukumar Euro NCAP mai auna amincin motoci a Turai ta ce daga 2026 motar da ke son tauraro 5, wato makin aminci mafi girma, ta tanadi madanni na gaske na tirafiketa, dabul tirafiketa, hon, waifa da kiran gaggawa. Volkswagen ma sun ce za su dawo da madannai.

Abin da ke damuna wallahi shi ne waɗannan motoci masu sikirin da Turawa suke guje wa yanzu mu za a turo wa ta Kwatano nan da 'yan shekaru. In madanni ya lalace ka leƙa Ƙofar Ruwa ka samo na Beljiyam, mai rewaya ya ɗaura maka, amma ran da sikirin ya mutu esi ya tafi, rediyo ya tafi, kamara ta tafi, kuɗin sabo kuma sai mai hali. Ni ban ƙi kamarar ribas da taswira a sikirin ba, suna da amfani sosai.

Roƙona ga masu saye, kafin ka biya dila ka zauna a ciki ka gwada kunna waifa da esi da dabul tirafiketa ba tare da ka kalla ba. Su kuma 'yan Road Safety yadda suke wa'azi kan danna waya a kan sitiyari, don Allah su haɗa da wannan. Na gode.

Naka,
Wani direba daga Kurna, Kano