Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin kamfaninmu: ku maido mana da kuɗin makarar da kuka yanke

Zuwa ga Babban Manaja da sauran shugabanni,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Shekarata 9 ina aiki a ƙarƙashinku, a ɗakin da ake narka roba ana fitar da ledar ƙulla ruwan sha. Ba zan faɗi sunan kamfani ba, domin a nan nake samun abin da nake ciyar da 'ya'yana, kuma ban zo don in tozarta kowa ba. Kun san da ku nake. Sau biyu muka kai takarda ofishin kula da ma'aikata. Ta farko ni na miƙa ta da hannuna, ta biyu dattijon da ya fi mu duka daɗewa a kamfanin ne ya kai. Yau mako uku ba wanda ya kira mu, ko da a ce mana an gani. Shi ya sa na fito da maganar fili. Wadda muka rubuta da Turanci tana kan teburinku. Wannan na rubuta ta da Hausa ne saboda yawancin waɗanda abin ya shafa 'yan zango ne, ina so su ji abin da aka faɗa da sunansu.

Ga maganar. A mako biyun da ma'aikatan jirgin ƙasa a nan Ghana suka yi suna yajin aiki, mu 23 da ke zuwa daga ɓangaren Tema da Nungua mun riƙa makara. Da wata ya ƙare muka karɓi takardar albashi, sai muka ga duk ranar da mutum ya wuce minti 15 bai dangwala yatsa a na'urar bakin ƙofa ba, an yanke masa ladan rabin yini. Ni sau 6 aka yanke mini. A cikin shidan nan, ranar da na fi daɗewa minti 50 na yi. Akwai ranar da minti 18 ne kacal. Kuma duk ranakun nan na tsaya a kan injina har aka tashi, wasu ranakun ma na wuce lokaci don in cike abin da ya rage.

Ina so ku san yadda safiyarmu take, domin na lura masu zuwa a motar kansu daga cikin Akra ba su san ta ba. A Community One nake zaune a Tema. Idan jirgi yana aiki, ina yin sallar asuba a masallacin unguwa, in sha koko da ƙosai, in taka zuwa tasha. Jirgin ya bi ta gefen teku a Sakumono, ya ɗauki 'yan Nungua, ya zagayo ta Achimota, in sauka a Odaw kusa da Circle a cikin Akra, in ƙarasa da ƙafa. Ba shi da gudu, ba kuma kullum ake samun wurin zama ba, amma ba ruwansa da cunkoson titi, kuɗinsa kuma talaka yana iya biya. A kansa na tsara rayuwata. Don shi na ci gaba da zama a Tema, inda nake iya biyan haya, ban dawo Nima ko Mamobi ba, inda ɗaki ɗaya sai ka biya na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin a ba ka makulli.

Ranar da jirgi ya tsaya, duk mutanen da yake kwasa sun koma tashar trotro, wato ƙananan motocin bas na haya, ga kuma waɗanda da ma can suke bi. Mota ba ta ƙaru ba, mutane ne suka ƙaru. Na koma tashi ƙarfe uku da rabi na dare. Sallar asuba a tasha nake yinta, a kan kwali, in roƙi na bayana ya riƙe mini layi. Wasu direbobin kuma da suka ga jama'a ta yi yawa sai suka daina lodin Akra kai tsaye. Yaron mota ya ce Nungua kawai za shi. A Nungua a sauke ku, motar nan dai ta sake lodi zuwa Teshie, daga can a sake wani. Tafiya ɗaya, kuɗi uku. Idan ka ce bari ka bi ta motowe, titin nan mai kilomita 19 da Kwame Nkrumah ya buɗe a 1965 lokacin da motocin ƙasar ba su kai haka ba, to mota ɗaya ta lalace a hanya ta isa ta tsayar da kowa, kuma kana fita sai ka faɗa cunkoson mahaɗar titunan Tetteh Quarshie. Wanda ya ji tsoron na'urarku ya hau okada. Wani yaro a sashen yanka haka ya yi, suka faɗi da mai babur, ya zo aiki da gwiwa tana jini. Shi ma an yanke masa na ranar.

Akwai wata baiwar Allah a sashen shirya kaya, daga Zangon Nungua take zuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya uku ya bar mata. Da jirgi, tana iya yi wa yaran wanka ta ba su abin kari kafin ta fito. A mako biyun nan tun suna barci take fita, ta bar wa babbar, 'yar shekara 11, ƙannenta biyu. Kuɗin motarta ya ninka, albashinta kuma ya ragu. Ranar da ta buɗe takardarta ba ta ce komai ba, ta dai zauna a kan buhun roba ta daɗe tana kallonta. Da izininta na kawo labarinta, ta ce in faɗa amma kada in ambaci sunanta.

Ranku ya daɗe, wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Ba mu muka tsayar da jirgi ba, ba mu muke riƙe da albashin masu tuƙa shi ba, ba mu da ta cewa a teburin da ake sasantawa.

Kuma tunda na zo nan, bari in faɗi abin da ke raina game da su, domin na ji wani shugaban sashe yana cewa mu je mu tambayi 'yan jirgi kuɗinmu. Ni ban ga laifinsu ba. Na wahala ƙwarai a dalilin yajin nan, amma na san fuskokinsu, na san mai sayar da tikiti da mai ɗaga tuta, kuma abin da suke nema haƙƙin guminsu ne na watannin da suka yi aiki ba a biya su ba. Magidancin da ya yi wata da watanni yana shiga gida hannu rabbana, me ake so ya yi? Ni da aka yanke wa ladan kwana uku kawai ga shi na kasa barci. Kakana ya yi leburanci a layin dogo a Sekondi, layin da aka fara shimfiɗawa a 1898 ya isa Kumasi a 1903. Yakan ba mu labarin yajin watan Satumba na 1961, lokacin da ma'aikatan jirgi da na tashar jiragen ruwa a Sekondi da Takoradi suka ajiye aiki kwana 17, matan kasuwa suna dafa musu abinci. Abin da ya tayar da su shi ne kasafin kuɗin shekarar, wanda ya ce a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na albashi a matsayin ajiyar dole. Tun ina yaro na san cewa taɓa albashin ma'aikaci ba tare da yardarsa ba babban abu ne a ƙasar nan.

Doka ma ta san da haka. Ni ba lauya ba ne, amma na nemi Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, an karanta mini, na kuma sake karantawa da kaina. Sashe na 69 ya hana mai ɗaukar ma'aikata ya ci ma'aikaci tarar kuɗi bisa kowane dalili, ya kuma hana a cire wani abu daga albashi sai abin da doka ta yarda. Sashe na 70 ya kawo irin abubuwan da ake iya cirewa da yardar ma'aikaci, kamar kuɗin fansho da kuɗin ƙungiya da bashin da aka ba shi. Da kun ce ba za ku biya mintunan da ba mu yi aiki ba, da sai mu zauna mu lissafa, mu cire waɗanda muka rama da yamma. Amma awa huɗu a madadin minti 18, wannan tara ce, ko da wane suna aka sa mata a takarda. Muna da damar kai kuka gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wasunmu ma sun ce a tafi. Ni da dattijonmu muka ce a dakata, domin mun ci gishirin gidan nan shekara da shekaru, gara a gama magana a cikin gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yajin bai zo muku da bazata ba. Dokar nan dai ita ta ce masu niyyar yajin aiki su ba da sanarwa a rubuce kwana 7 kafin su fara, kuma mun ji maganar a rediyo tun kafin ranar. Ni da bakina na gaya wa shugaban sashenmu cewa in jirgi ya tsaya za a samu matsala da safe. Ya ce zai kai maganar sama. Adireshin kowannenmu yana cikin fayil ɗinku, kun san su wa ke bin jirgi. Kuna da mako guda na shiri. Abu ɗaya da muka ga an yi shi ne takardar da aka manna a bakin ƙofa ana tunatar da mu dokar makara.

Na san ku ma kun yi asara, ba zan ɓoye wannan ba, domin a gabana aka yi ta. Injin narka roba ba a kashe shi a kunna kamar fitila. In ya huce sai an daɗe ana ɗumama shi, robar farko da za ta fito kuma ta lalace sai a sake niƙa ta. Saboda haka 'yan aikin dare ba sa iya tafiya sai mun iso mun karɓe su. Mutumin da ya kwana a tsaye ya ƙara awa ɗaya yana gyangyaɗi kusa da ƙarfe mai zafi, kuma dole ku biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Mu da muka iso kuwa mun riga mun gaji tun a hanya, awa uku ko huɗu a tsaye a layi da matse a mota. Na ga naɗin ledar da aka mayar saboda kaurin bai daidaita ba, ya fi na kowane wata da na sani. Na ga motocin masu ruwan leda suna jira a tsakar gida direbobinsu suna faɗa da mai gadi. Duk wannan kuɗi ne ya fita daga aljihunku, ban musa ba. Sai dai ku duba da kyau, abin da kuka yanke mana bai dawo muku da ko naɗi ɗaya ba. Abin da ya jawo shi ne a mako na biyu wasu da suka ga ƙarfe takwas ta same su a Teshie suka juya gida, suna cewa tunda rabin yinin ya riga ya tafi, gara su tsira da kuɗin motar dawowa. Ban goyi bayansu ba, na ma yi musu faɗa, amma dokarku ce ta koya musu wannan lissafin. Ranakun nan inji biyu suka tsaya gaba ɗaya.

Da bas ɗaya kuka ɗauko haya, ya tashi daga Community One ƙarfe biyar na asuba ya tsaya a Nungua, da duk wannan bai faru ba, kuma da mun biya abin da muke biyan jirgi da farin ciki. Hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinku, motocinku kullum suna zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema ɗauko buhunan ƙwayar roba. Ko kuma a matsar mana da lokacin shiga zuwa ƙarfe tara mu tashi a makare, a shirya da 'yan dare tun da wuri su san za su ƙara awa ɗaya, a biya su. Akwai ma waɗanda suke zaune a Nima da Newtown da Sabon Zango da suka ce a shirye suke su yi musanyar lokaci da mu, mu riƙa karɓar aikin rana. Sun faɗa, ba wanda ya ba su izini.

Don haka roƙonmu na farko shi ne a maido wa mutum 23 ɗin nan kuɗinsu a albashin wannan watan, a kuma goge gargaɗin makara da aka sa a fayil ɗin wasunmu, domin mun san shi ake dubawa in an zo ƙarin girma ko rage ma'aikata. Ita baiwar Allahn da na ambata, don Allah ko ba a kai ƙarshen wata ba a duba nata, kuɗin makarantar yaranta ne ya tafi. Sannan ku ba mu rana ɗaya mu zauna, ku da wakilanmu uku, mu rubuta abin da za a yi duk lokacin da jirgi ya sake tsayawa, ko don yaji ko don gyaran layi ko ruwan sama ya cinye hanya. Zai sake tsayawa, duk mai bin sa ya san haka.

Mun tattara takardun albashin dukkanmu, kowace da lissafin ranakun da aka yanke da lokacin da mutum ya tashi aiki a ranar, kamar yadda na'urarku ta nuna. Suna hannun dattijonmu. Ranar Litinin bayan an tashi, ni da shi za mu zo ofishin Babban Manaja da su, za mu jira a benci har a samu mai ganinmu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naku,
Ma'aikaci a ɗakin narka roba, a madadin abokan aikinsa 22
Akra