A Haɗa Lambar Jarumta Da Kula Da Iyalan 'Yan Sanda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan lambobin jarumta da ake ba 'yan sandan da suka yi artabu da 'yan bindiga. Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ta fara wannan biki a Abuja cikin Afrilun 2024, inda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya wakilci Shugaba Tinubu, aka kuma ware 7 ga Afrilu a matsayin Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, domin yaba kyauta tukwici ne.

Sai dai lamba ba ta ciyar da maraya. A unguwarmu akwai matar wani kofur da ya rasu a kwanton ɓauna kan hanyar ƙauye. Kullum da asuba tana bakin kasko tana tuya ƙosai, babban ɗanta na tallarsa kafin ya wuce makaranta. Hoton mijinta cikin kaki yana rataye a zaurensu, kuma duk wanda ya shiga sai ya yi masa addu'a.

Shawarata ita ce duk lambar da za a bayar ta zo da abin a zo a gani: a biya kuɗin inshorar wanda ya rasu cikin wata uku, a ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa, a kuma yi wa wanda ya ji rauni jinya har ya warke. Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa da doka a 2019 zai iya ɗaukar wani ɓangare na wannan nauyi. Sannan a riƙa tunawa da ƙananan ma'aikata da ke kwana a caji ofis na karkara yayin zaɓen waɗanda za a karrama.

Naka,
Mai karatu daga Gusau, Jihar Zamfara